Auta da Ƙarfensa

1. Garin masu ɗaukar kaya

Dumega gari ne a cikin Arewa, a jihar Doso, kusa da iyakar Nijeriya. Da can yana cikin gundumar Dogondutsi. Tun shekara ta 2011 ya koma cikin gundumar Tibiri. Ba Tibirin Gobir ta wajen Maraɗi ba, Tibiri ta Arewa. Garin yana cikin Dallol Mauri, inda ruwa ba shi da nisa a ƙarƙashin ƙasa. Da damana ana noma hatsi da dawa da wake da gyaɗa. Da rani a sauka fadama, a yi aikin rake da rogo da dankali.

A irin wannan gari ɗaukar kaya ba baƙon abu ba ne. Mata suna jan ruwa a rijiya, su ɗauko shi a ka. Litir ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. Ke nan yarinyar da ta ɗauko jarka mai litir 20 ta ɗauko kilo 20, ban da nauyin jarkar. Magina suna sauke buhun siminti mai kilo 50. Ƴan dako suna ɗora buhun hatsi a mota ranar kasuwa. Da kaka kuma ga dammuna, daga gona zuwa amalanke, daga amalanke zuwa rumbu.

Kowa a cikinsu yana ɗaukar kaya ne don dole, ko don a biya shi. Shi ya sa ranar da aka ji wani yaro ya haɗa ƙarfe da siminti a bayan gidansu, yana ɗagawa yana ajiyewa, ba wanda ya sa shi, ba wanda zai biya shi, mutane suka yi ta dariya. Wani tsoho ya ce: «In ƙarfi ya yi masa yawa, ya zo ga rijiya, shanuna suna jin ƙishirwa.»

2. Hatsin da aka biya

Yaron nan shi ne ƙarami a ɗakinsu, don haka kowa Auta yake ce masa. A lokacin yana da shekara 15. Dogo ne, siriri, kamar karan dawa. A lakwal yana da ƙoƙari, musamman a lissafi. Amma in an fita wasa shi ne na ƙarshe da ake zaɓa.

Yayyensa maza biyu sun tafi cin rani Nijeriya. Sun daɗe ba su dawo ba, sai dai saƙo. Babansu ya manyanta. Ga shi kuma ciwon baya ya kama shi, tun wata shekara da ya sunkuya ya ɗaga buhun wake shi kaɗai. Tun daga ranar ba ya iya ɗaukar abu mai nauyi.

Da kaka ta yi, aka yanke hatsi, aka ɗaure. Sai maganar kai shi gida da zuba shi a rumbu. Auta ya kama dami, ya kai shi gwiwa, ya kai shi ƙugu, daga nan hannuwansa suka ƙi. Ya sake gwadawa, damin ya kuɓuce ya faɗi. Babansa bai yi masa faɗa ba. Ya dai aika aka kira ƴan ƙwadago biyu. Suka yi aikin, aka biya su da hatsi, don babu kuɗi a gidan.

Da dare Auta ya ɗauko allonsa ya yi lissafi. Ya san yawan tiyar da innarsa take dakawa kowace rana. Ya ga hatsin da aka biya zai ci da gidansu kwana 10. A shekarar kuwa rumbu bai cika ba. Kafin sabon hatsi ya nuna sai da suka yi kwanaki suna cin abinci sau ɗaya a rana. Ba wanda ya ce laifinsa ne. Amma shi bai manta da kwana goman nan ba.

3. Gwangwani biyu da bututu

Wata rana kawunsa ya tafi da shi Dogondutsi. A wani lungu kusa da tashar mota ya ga samari sun taru da marece. Suna da ƙarafa iri iri. Wasu na masana'anta ne, wasu kuwa na gida ne, an yi su da siminti. Wannan ya ɗaga, ya ajiye, wancan ya karɓa. Auta ya tsaya yana kallo har kawunsa ya jawo hannunsa.

Da suka koma Dumega ya shiga nema. Ya samu tsohon bututun ƙarfe a wurin maƙeri, ya biya da ɗibar gawayi na kwana uku. Ya roƙi manyan gwangwanayen tumatir biyu a wurin mai tuwo. Wani magini ya ba shi ragowar siminti. Ya haɗa da yashi da tsakuwa, ya kwaɓa, ya cika gwangwani ɗaya, ya soka bakin bututun a tsakiya. Da ya daskare ya yi wa ɗaya gefen haka. Kwana bakwai yana yayyafa masa ruwa safe da marece, kamar yadda maginin ya gaya masa, don kada ya tsage.

Ya kai shi wurin mai sayen wake, aka ɗora a ma'auni. Kilo 14 cif. Bututun kilo 4, kowane gwangwani kilo 5.

Ranar farko Auta bai san iyaka ba. Ya ɗaga, ya ɗaga, har hannuwansa suka kama rawa. Washegari da safe ya kasa kai loma baki. Innarsa ta dube shi ta ce:

«Kai Auta, wace irin wahala ce ka sayo wa kanka? Ciwon babanka bai ishe mu ba?»

Ta ɗauki mayafinta, ta tafi gidan wanta, ta kai ƙara.

4. Dokokin Kawu

Kawun Auta tsohon ɗan kokowa ne. Bai taɓa zuwa kokowar takobi ba, amma a zamaninsa ya yi suna a filayen ƙauyuka, lokacin da ake wasa bayan kaka. Yana yaro aka fara kokowar takobi ta ƙasa a Tawa, a shekara ta 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci. Ya san labarin Salma Ɗan Rani, wanda filin kokowa na Doso yake ɗauke da sunansa. Har yanzu in ana kokowar takobi ba ya rabuwa da rediyonsa.

Ya zo da la'asar, ya dubi ƙarfen, ya juya shi da ƙafa. Ya ce:

«Ɗana, mi kake nema da wannan abu?»

Auta ya durƙusa ya ce: «Kawu, so nake baɗi in zuba hatsinmu a rumbu da kaina.»

Kawu ya yi shiru. Can ya ce: «To, ɗaga in gani.»

Auta ya sunkuya, ƙafafunsa a miƙe, bayansa ya lanƙwashe kamar baka. Kafin ya taɓa ƙarfen Kawu ya daka masa tsawa.

«Tsaya nan! Haka babanka ya yi. Baya ba ya ɗaga kaya, ƙafa ke ɗagawa. Dubi cinyarka, dubi ƙugunka. Wane ya fi kauri?»

Ya nuna masa yadda ake yi. A buɗa ƙafafu daidai faɗin kafaɗa. A lanƙwasa gwiwa kamar za a tsuguna. A miƙe baya, a ɗaga ƙirji, a dubi gaba. A jawo kayan kusa da jiki. Sa'an nan a tashi da ƙarfin ƙafa. In za a juya, a juya da ƙafafu, kada a murɗa ƙugu da kaya a hannu.

Bayan haka ya kafa masa dokoki biyar. Ya ce in ya karya ɗaya zai jefa ƙarfen a tsohuwar rijiya.

Ta farko: kada ya taɓa ƙarfe da jiki a sanyaye. Sai ya yi ɗan gudu, ya juya hannuwa da ƙugu, har zufa ta fara tsattsafowa.

Ta biyu: nauyin da ba zai iya ɗagawa sau goma da kyau ba, ba nasa ba ne tukuna.

Ta uku: in ya ɗaga yau, gobe hutu. Sau uku a mako ya isa.

Ta huɗu: kada ya ɗaga da tsakar rana, kada ya ɗaga da yunwa, kada ya ɗaga shi kaɗai ba mai kallo.

Ta biyar: ba ƙwaya, ba haɗe-haɗen da ake cewa suna ƙara ƙarfi.

Makonni biyu na farko ko ƙarfen bai bari ya taɓa ba. Ƙotar fartanya ya ba shi, ya ce ya koyi tsuguno da tashi da ita. Auta ya ji haushi, amma ya yi. Da tsohuwar zuma ake magani.

5. Abin da ke faruwa a cikin jiki

A lakwal, malaminsu ya lura Auta yana tafiya a sandare. Ya tambaye shi, ya ji labari. Maimakon ya yi dariya sai ya mai da abin darasi.

Ya ce babban mutum yana da ƙashi 206 a jikinsa, da tsoka fiye da 600. Tsoka ita ke jan ƙashi, sa'an nan gaɓa ta motsa. In aka sa tsoka aikin da ya ɗan fi wanda ta saba, zarurrukan cikinta suna gajiya, su ɗan ji jiki. Shi ne ciwon da ake ji washegari. In aka ba ta hutu da abinci da barci, sai jiki ya gyara ta, ta fi da kauri da ƙarfi. Ke nan tsoka ba a lokacin ɗagawa take girma ba, a lokacin hutu ne. Nan Auta ya gane dalilin doka ta uku.

Ƙashi ma haka yake. In ana ɗora masa nauyi daidai gwargwado yana ƙara ƙwari. Yawancin ƙwarin ƙashi ana tara shi ne tun ana saurayi ko budurwa. Wanda ya tara da yawa, shi ne zai ci moriya in tsufa ya zo.

Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: «Malam, an ce ɗaga ƙarfe yana hana yaro tsawo.»

Malam ya ce likitoci sun duba wannan magana. In nauyin kaɗan ne, ana ɗaga shi yadda ya kamata, kuma akwai babba a wurin, ba ya hana tsawo. Abin da ke cutar da yaro shi ne a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, ko ya riƙa gasa da manya. Ya ƙara da cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shekara ta 2020: yara daga shekara 5 zuwa 17 su motsa jiki kamar minti 60 kowace rana, kuma aƙalla kwana 3 a mako su yi wasan da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi. Manya kuma su yi irin wannan aƙalla kwana 2 a mako. Ba dole sai da ƙarfe ba. Tsalle, hawan icce, tsuguno da tashi, kokowar yara, duk suna ciki.

Sai maganar abinci. Hatsi da dawa da rogo suna ba jiki ƙarfin aiki, kamar yadda icce yake ba wuta. Amma masu gina tsoka su ne wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai, kifi, nama da fara. Ganye irin su zogale da rama suna taimaka wa jini da lafiyar jiki. Duk waɗannan akwai su a Dumega. Ba sai an sayo wani gari mai tsada a gwangwani ba. Kuma mai zufa ya sha ruwa mai tsabta da yawa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

A ƙarshe ya ba su labarin wani ɗan kokowa na Girkawan da, mai suna Milo, wanda ya yi zamani fiye da shekara 2500 da suka wuce. An ce ya ɗauki ɗan maraƙi a kafaɗa tun yana sabon haihuwa. Kullum sai ya ɗauke shi. Maraƙi yana girma, shi kuma ƙarfinsa yana ƙaruwa, har ya zama yana ɗaukar sa. Malam ya ce ko labarin gaskiya ne ko tatsuniya, dabarar da ke cikinsa gaskiya ce: a ƙara nauyi kaɗan kaɗan.

Tun daga ranar Auta ya ware shafi a bayan littafinsa. Yana rubuta rana, da kilo nawa, da sau nawa ya ɗaga. In wani nauyi ya yi masa sauƙi har mako biyu, sai ya ɗaura ƙaramar jakar yashi ta kilo ɗaya a kowane gefe.

6. Abokin da ya yi gaggawa

Ba a daɗe ba yara suka fara leƙowa ta kan darni. Masu dariya suka koma masu roƙo. A cikinsu akwai abokin Auta, ɗan maƙwabtansu. Ya girme shi da shekara biyu, kuma ya fi shi jiki nesa ba kusa ba. Ranar farko ya ɗaga ƙarfen Auta da hannu ɗaya. Ya ce wannan na yara ne. Ya je ya haɗa nasa da manyan bokitai biyu.

Shi ba ya son dokokin Kawu. Kullum sai ya ɗaga, safe da marece. In jikinsa ya yi tsami, sai ya sayi ƙwayar da ake kira tiramol a wurin masu tallar magani. Ya ce in ya sha ba ya jin ciwo, ba ya jin gajiya. Ya miƙa wa Auta guda. Auta ya karɓa, ya riƙe ta a hannu. A watan nan abokin yana ɗaga ninki biyu na abin da yake ɗagawa, kuma shi ne yara suke yi wa kirari. Auta ya daɗe yana juya ƙwayar. Ba tsoron Kawu kaɗai ya hana shi ba. Ya tuna maganar malam: ciwo ɗan saƙo ne, yana gaya wa mutum ya tsaya. Ya mayar masa da ita.

Tiramol magani ne na kashe ciwo mai tsanani. Likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta shi. Ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan. Rufe bakin ciwo yake yi, jiki yana lalacewa mutum bai sani ba. Wanda ya saba da shi ba ya iya bari cikin sauƙi. Ƙwaya ɗaya ta daina isarsa, ya koma biyu, ya koma uku. In ta yi yawa tana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, tana iya tsai da numfashi.

Wata rana da marece abokin ya ce zai ɗaga abin da ba a taɓa ɗagawa ba a unguwar. Ya ƙara bulo biyu a kan ƙarfensa. Ya sunkuya da baya, ya fizga. Aka ji ya yi ƙara, ya zube. Sai a amalanke aka kai shi gidan likita. Likita ya ce ya ji rauni a ƙashin baya, kuma da sauran kwana, don da ya fi haka. Damana guda bai riƙe fartanya ba. Barin ƙwayar ma sai da ya sha wuya, ga rashin barci, ga zufa, ga ciwon gaɓoɓi. Auta ne yake zuwa wurinsa kullum da marece, yana kai masa fura. A shekarar gonarsu ba ta samu noma na biyu ba.

Bayan wannan wasu iyaye suka hana ƴaƴansu zuwa bayan gidan su Auta. Innarsa ma ta ce a fasa ƙarfen. Kawu ne ya tsaya. Ya ce: «Wuƙa ta yanki yaro, ba a daina yanka albasa. Koya masa riƙo ake yi.» Daga ranar shi da kansa yake zuwa ya zauna a kan turmi, da sandarsa, har a gama.

7. Ɗaga nauyi a duniya

Auta ya so ya san ko a wasu ƙasashe ma ana yin wannan abu. Malam ya gaya masa ɗaga nauyi wasa ne mai dokoki da alƙalai. Da faransanci ana ce masa «haltérophilie». Yana cikin wasannin Olimpik na zamani tun na farko, wanda aka yi a Atina ta ƙasar Girka a shekara ta 1896.

Ɗagawa iri biyu ce. A ta farko ana ɗauko ƙarfen daga ƙasa zuwa sama da kai a tashi ɗaya. A ta biyu ana kai shi kafaɗa tukuna, sa'an nan a tura shi sama. Kowane ɗan wasa yana da gwaji uku a kowace iri. Sandar maza kilo 20 ce, ta mata kilo 15. Ana raba ƴan wasa bisa nauyin jikinsu, don kada a haɗa ƙato da ƙaramin mutum.

Afirka ma tana da rabonta. A shekara ta 1928, a birnin Amstadam, wani Bamasare mai suna Sayyid Nusair ya ci lambar zinariya. Mata sun shiga wannan wasa a Olimpik a shekara ta 2000, a birnin Sidni na Ostareliya. A nan wata ƴar Nijeriya, Ruth Ogbeifo, ta ci lambar azurfa. A shekara ta 2021 kuma wani ɗan ƙasar Jojiya, Lasha Talakhadze, ya ɗaga kilo 267 sama da kansa. Auta ya yi lissafi da sauri: ya fi buhun siminti biyar.

Da ya gaya wa Kawu, tsohon ya kaɗa kai ya ce: «Allah ya ba shi. Amma ka tambayi malam shekara nawa ya yi kafin ya kai nan.»

A ƙarshen shekara ta 2023 suna zaune gindin rediyo, aka yi kokowar ƙarshe a Agadas. Isaka Isaka na jihar Doso ya ɗauki takobi karo na shida. Gari ya ɗauki sowa. A daren nan yara da yawa suka ce su ma sarakunan kokowa za su zama. Auta ma abin ya shiga ransa.

8. Abin da ƙarfe ya ba shi, da abin da bai ba shi ba

Da aka buɗe fili bayan kaka, Auta ya ɗaura walki ya shiga. Aka haɗa shi da wani gajeren yaro makiyayi, wanda bai taɓa ganin ƙarfen ɗagawa ba. Auta ya kama shi, ya ji ba shi da nauyi. Kafin ya ɗaga shi, yaron ya sa masa ƙafa, sai ga Auta a ƙasa. Ya sake shiga mako na gaba, aka sake ka da shi. Kawu ya yi dariya har da hawaye. Ya ce: «Ƙarfe ba ya sa ƙafa, ɗana. Mutum yana sawa.» Auta ya gane kokowa sana'a ce dabam, mai dabarunta, kuma ba tasa ba ce. Bai ji kunya ba. Ya kwance walki ya mayar wa Kawu.

Abin da ya nema tun farko kuwa ya samu. A kaka ta biyu da fara ɗagawarsa ya taya ɗan ƙwadago ɗaya, aka biya rabin abin da aka saba. A ta uku shi da wani ɗan baffansa suka zuba hatsin gidan duka. Ko zangarniya ɗaya ba a biya kowa ba.

Amma da ya duba littafinsa sai ya ga ba rumbu kaɗai ba ne. Yana barci da kyau. Ba ya yawan gajiya a aji. Ya daina zaman banza a bakin kasuwa da marece, inda ake koyon taba da ƙwaya. Ya koyi haƙuri, don ya ga kilo biyu a wata ba kome ba ne a ido, amma a shekara abu ne babba. In ransa ya ɓaci, ya je bayan gida ya ɗaga sau goma, sai ya ji zuciyarsa ta sauka.

Yanzu Auta yana da shekara 20. Har yanzu siriri ne, sai dai kafaɗunsa sun buɗe. Ba ya neman ya fi kowa. Litinin da Laraba da Asabar, in rana ta yi sanyi, yara shida ko bakwai suna taruwa a bayan gidan. Ƙanana ba su taɓa siminti, ƙotar fartanya ake ba su. Abokinsa da ya ji ciwo shi ne mai ƙirga musu, kuma shi ne ya fi kowa tsanani a kan doka ta biyar.

Ƴan matan gidan ba su zuwa wurin, amma darasin ya kai gare su. Ɗiyar yayarsa mai shekara 11 ta kasance tana ɗauko jarka mai litir 20 a ka, tana kukan wuya. Auta ya yi magana da uwarta. Yanzu tana ɗauko ƙaramar jarka, ta je sau biyu. In za ta ɗauka sai ta tsuguna, ta miƙe baya, ta tashi da ƙafa. Innar Auta ma haka take yi in za ta sauke tukunya daga murhu, ko da yake ba ta yarda a wurinsa ta koya ba.

Tambayoyi

1. A wace gunduma Dumega take tun shekara ta 2011?
2. Don mi Auta ya fara ɗaga ƙarfe?
3. Ku faɗi dokoki biyar na Kawu. Wace ce abokin Auta ya karya?
4. Yaushe tsoka take girma, lokacin ɗagawa ko lokacin hutu?
5. Ku kawo abinci huɗu na garinku masu gina jiki.
6. Don mi ƙarfi kaɗai bai isa a ci kokowa ba?

Lissafi

1. Ƙarfen Auta kilo 14 ne. Ya ɗaura jakar yashi ta kilo 1 a kowane gefe. Kilo nawa ya zama?
2. Yarinya tana ɗauko litir 10 sau 6 a rana. Kilo nawa na ruwa ta kawo gida a mako ɗaya?
3. Buhun siminti kilo 50 ne. Buhu nawa ne a cikin kilo 267? Kilo nawa ya rage?

Aiki

Ku fita fili biyu biyu. Kowa ya ɗauki sanda marar nauyi. Ɗaya ya tsuguna ya tashi sau goma, ɗaya ya duba masa: gwiwa ta lanƙwashe? baya ya miƙe? sanda tana kusa da jiki? Sa'an nan ku canza.